Bubu Hama: Malamin da ya riƙe Majalisar Nijar fiye da shekara 15

Tondibiya tana bakin kogin Kwara, a gefen birnin Yamai, kuma an fi saninta da barikin horar da sojoji. Daga can zuwa zauren Majalisar Dokoki tafiyar mota ce 'yar kaɗan. Amma a tarihin Nijar, duk sa'ad da masu kaki suka fito daga bariki, ƙofar majalisa ake fara garƙamewa. Haka aka yi a 1974, 1996, 1999, 2010 da 2023. Shugaban majalisar da abin ya fara faɗa wa shi ne Bubu Hama.

An haife shi wajen 1906 a ƙauyen Foneko, kusa da Tera, cikin ƙasar Songai. Karatun boko ya kai shi har makarantar William Ponty ta tsibirin Gore a Sanagal, ya dawo a 1929 a matsayin ɗan Nijar na farko da ya fito malami daga can. Daga aji ya shiga siyasa. Yana cikin jigogin jam'iyyar PPN da aka kafa a 1946, tare da Jori Hamani.

Shekarar 1958 ce ta ɗaga shi. A ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba, jam'iyyar Sawaba ta Jibo Bakari ta nemi a ce "a'a" ga tayin Janar de Gaulle na ci gaba da zama tare da Faransa, ta sha kaye. Bayan zaɓen Disamba, Jori ya karɓi gwamnati, Bubu Hama ya hau kujerar shugabancin majalisa. Yana kanta aka samu 'yancin kai ran 3 ga Agusta 1960.

Sai dai majalisar tasa ba ta san gardama ba. An haramta Sawaba tun 1959, kuma a zaɓukan 1965 da 1970 PPN ce ta kwashe kujeru 50 kaf, don ba ta da abokin karawa. Bubu Hama kuwa shi ne shugaban jam'iyyar, saboda haka wuƙa da nama suna hannunsa. Da fari da yunwa suka galabaitar da talakawa a farkon shekarun 1970, babu murya a zauren da za ta ja kunnen gwamnati. Ran 15 ga Afrilu 1974 Laftanar Kanar Seyni Kunce ya kifar da mulkin, aka tsare dattijon a Agadas. Ƙasar ba ta sake zaɓen 'yan majalisa ba sai a 1989.

Abin da ya bar masa suna har yau alƙalami ne. Yana kan kujera yana bin tsofaffi da maroƙa yana ɗaukar tarihin baka, yana tara tsofaffin takardun Larabci da ajami, waɗanda yanzu ke ajiye a cibiyar bincike ta IRSH a Yamai. Ya rubuta tarihin Gobir da Sakkwato a 1967, littafinsa Kotia-Nima kuma ya ci babbar lambar adabin Afirka.

Ya rasu a Yamai a watan Janairu 1982. Gidan tarihin ƙasa na birnin, inda 'yan makaranta ke tururuwa ranar hutu, sunansa yake ɗauke da shi.