Farashi ɗaya, rasit dubu

Lokacin da na fara rubuta manhaja a Gombe, 'yan shekaru bayan an ba mu jiha a 1996, da rowa aka yi mana tarbiyya. Faifan filofi megabait 1.44 kawai yake ɗauka, yau hoton waya guda ya fi ƙarfinsa. Irin wannan tsumulmular ce ta sa magabatanmu a harkar suke rubuta 98 a maimakon 1998, har duniya ta shiga zullumi da shekarar 2000 ta ƙarato.

Malamanmu kuma sun ɗora mu a kan ƙa'idar Edgar Codd, ma'aikacin IBM da ya aza harsashinta a 1970: kowane bayani a ajiye shi wuri ɗaya tak, mai nema ya je can ya duba. Na haddace ta kamar karatun allo.

Wani kantin magani kusa da babbar kasuwa ne ya koya mini hankali. Na ajiye farashi a wuri guda, rasit kuwa lambar magani kaɗai yake riƙewa, in an buɗe shi sai ya leƙo farashin. Ranar da aka ƙara kuɗin maganin zazzaɓi, rasitan bara kaf suka tashi da sabon farashi. Lissafi ya ƙi haɗuwa, har an fara yi wa yaron kanti kallon ɓarawo. Mai kantin ya aika aka kira ni: "Injiniya, ita ma kwamfutar ta iya ha'inci ne?" Laifina ne, ba na Codd ba. Farashin ranar ciniki daban, na yau daban. Tun daga nan nake kwafe shi cikin kowane rasit.

Da ma'ajiya ta yi araha, sai damuwar ta koma kan wuta da sabis. Reshen da ke Kumo ko Bajoga ba zai tsayar da ciniki yana jiran intanet ba, dole ya riƙe nasa kwafin, a daidaita da dare. Na'urar BVAS ma a zaɓen 2023 da rajistar rumfarta a ciki take zuwa, shi ya sa take tantance mutane ko babu sabis.

Amma kwafi yana da kuɗin fito. BVN ta zo a 2014, sannan a Disamban 2020 Isa Pantami, ɗan garin nan, yana minista, aka ce kowa ya haɗa layinsa da NIN. Nan asiri ya tonu. Mutum ɗaya ne, amma Muhammad a banki, Mohammed a NIN, Muhammadu a takardar makaranta, kuma kowace ma'ajiya ta kafe cewa nata ne daidai. Ni da nake wannan sana'a, sai da na raka ƙanena kotu ya yi rantsuwa cewa duk ukun shi ne.