Nardu da Dara a Birnin Dabo

Duk almajirin da ya yi karatun zaure a cikin birnin Kano, ya wuce Ahalari da Ishmawi da Iziyya har Allah ya kai shi ga Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a shekarar 386 ta Hijira, lalle ya ci karo can wajen ƙarshen littafin da wata baƙuwar kalma, wato nardu, inda mawallafin ya hukunta cewa bai halatta a yi wasa da ita ko da shaɗaranji, wato chess, ba, ko da yake bai ga laifin yi wa masu yin ta sallama ba. Shekara da shekaru ana biya wannan babi a zaurukan Madabo da sauran unguwannin malamai, malam ya fassara, ɗalibi ya haddace hukuncin, alhali kuwa da yawa daga cikinsu har suka koma ga Mahaliccinsu ba su taɓa ɗora ido a kan allon wasan ba.

Asalin nardu daga ƙasar Farisa take, tun zamanin sarakunan da suka yi mulki kafin zuwan Musulunci. Allonta yana da gida 24, kowane ɗan wasa yana da 'ya'ya 15, kuma ana jefa ƙwaya biyu masu fuska shida irin ta lido, abin da suka nuna shi ne yawan takun da mutum zai yi. Masu hikimar Farisa sun ce gidajen nan misalin sa'o'in dare da rana ne, 'ya'yan nan 30 kwanakin wata, ƙwayar kuwa ƙaddara ce wadda ba ta shawara da kowa. Larabawan Sham da Masar suna kiran ta ɗawula, Turawan Ingila kuwa backgammon, kuma ita ce babban abin hira a gidajen shan gahawa na ƙasar Lebanon, inda Kwarori suka fito suka cika Kano da fatauci bayan isowar jirgin ƙasa a 1911, suka zauna a bayan ganuwa wajen Fagge.

Mutanen cikin birni kuwa suna da tasu, wadda ba ta bukatar allo balle sisin kwabo, ita ce dara. Ƙarƙashin inuwar durumi ko ceɗiya, ko a gefen rumfa idan kasuwar Kurmi ta yi sanyi, sai a tona gurbi 30 a ƙasa, layi biyar gida shida shida, wannan ya kakkarya kara 12, wancan ya tsinto tsakuwa 12, su yi ta kasawa ɗaya bayan ɗaya har hannu ya ƙare, sa'an nan a shiga turi. Wanda ya jera uku a layi ɗaya ya ci, sai ya ɗauke ɗa guda na abokin karawarsa. In ya jera huɗu kuwa bai ci kome ba. Gwani shi ne wanda tun wajen kasawa ya hango inda zai kafa doki, wato ya shirya 'ya'yansa ta yadda ɗa guda zai riƙa kai da komowa tsakanin gurbi biyu, kowane taku da ci, har ya share abokin wasansa yana ji yana gani. Saboda daɗewar wasan a cikinmu har ya shiga bakin mutane, in ciniki ya ƙare ba riba, ko gida ya cinye abin da ya samo, sai a ce dara ta ci gida.

A nan ne bambancin wasannin biyu yake bayyana, bambancin da fukaha'u suka daɗe da lura da shi. Malaman mazhabar Shafi'i sun sassauta a kan shaɗaranji domin dogaronsa ga tunani da lissafi, suka tsananta a kan nardu domin dogaronta ga abin da ƙwaya ta fitar, amma Malikawa, waɗanda su ne malamanmu, sun haɗa su duka sun hana. Dara dai ba ta da ƙwaya, wanda aka cinye a cikinta ba shi da wanda zai zarga sai kansa. Abin da ya fi kama da nardu a gargajiyarmu shi ne cacar wuri, inda ake watsa kuɗin wuri a duba nawa suka kife nawa suka buɗe, kuma ita ce ta raba mutane da yawa da riga da gona. Illar da iyaye suke gudu ga dara ita ce cinye lokaci, mutum ya zauna tun hantsi har ladan ya kira Azahar bai ɗaga kai ba.

Wani abin mamaki shi ne, nardun nan da ake ɗauka sa'a ce tsagwaronta, ita ce masana lissafi suka duƙufa a kanta har suka gano zurfin hisabin da ke ciki. A 1979, a Monte Carlo, wata manhajar kwamfuta da Hans Berliner ya rubuta ta doke zakaran duniya na waccan shekarar, Luigi Villa mutumin Italiya, da ci 7 da 1, ko da yake shi kansa Berliner ya yi adalci ya ce ƙwaya ta taimaki na'urarsa. A 1992 Gerald Tesauro na kamfanin IBM ya fito da TD-Gammon, wadda ta koyi wasan ta hanyar karawa da kanta sau dubu ɗaruruwa, har gwanaye suka sake wasu takun buɗe wasa da suka gada saboda abin da ta nuna musu. Daga nan aka shiga sayar da irin wannan basira, JellyFish da Snowie suka yi zamaninsu, sa'an nan eXtreme Gammon ta fito a 2009 ta zama ma'aunin da zakaru suke auna kurakuransu da shi. A gefe guda kuma wasu masu sa kai suka gina GNU Backgammon suka bar ta kyauta kamar rijiyar wakafi, kowa ya ɗiba, wanda ya iya kuma ya ƙara mata zurfi. Ita da eXtreme Gammon dukansu biyu sukan ɗauki matsayi guda su buga shi sau dubbai domin su ga takun da ya fi yawan kai wa ga nasara, kuma dukansu sun fi ƙarfin ɗan Adam. Fifikon ta kuɗin yana ga sauri da sauƙin aiki, abin da ƙwararre ne kaɗai yake bukata, mai koyo kuwa ta kyautar ta ishe shi har ta yi saura.

Ita dara malaminta tun fil'azal kyauta ne, wato da'irar 'yan kallo da ke kewaye da masu wasa, wannan ya yi gyaran murya, wancan ya girgiza kai, yaro yana tsugune a baya yana ɗaukar darasi ba tare da an ce masa kome ba. Amma ilimin da ke cikin ƙirji yana tafiya da mai shi, ga kuma siminti ya rufe dandalin da ake tona gurabe, samari sun koma ga lido da karta da wayar hannu. Saboda haka ina kira ga 'ya'yanmu da suka karanci kwamfuta a Jami'ar Bayero da sauran makarantu, su je su durƙusa gaban dattawan da suka rage a Jakara da Koki da gindin Dala, su rubuta ƙa'idojin dara da hanyoyin kafa doki da toshe shi daga bakinsu, tun suna da rai, sa'an nan in sun gina mata manhaja su bar ta kyauta, yadda suka same ta.