Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: Jidda Da Tarihin Shirin Baje Koli

Kasuwar baje koli irin ta zamanin nan ba ta cika wuce kwana uku ko huɗu ba. Wanda ya shiga zauren ya ga rumfuna a jere, fitilu na haske, kaya a shirye, zai iya tsammanin nan ne cinikin ya soma. Alhali kuwa abin da yake gani ƙarshen aikin watanni ne. Ɗan kasuwar da ya taso daga Kano ko Maraɗi da fatu ko riɗi ko zoɓorodo ya riga ya kashe kuɗin jirgi da na masauki da na hayar rumfa tun bai sayar da kome ba. In shirinsa ya yi kyau ya koma gida da abokan ciniki na shekaru, in kuwa ya yi sakaci ya koma da bashi. Birnin Jidda da ke gaɓar Bahar Maliya ya daɗe yana koya wa fatake wannan darasi, tun kafin a san wani abu wai shi zauren baje koli.

Asalin labarin yana can cikin ƙasar Hijaz, kafin zuwan Musulunci. A wancan zamani Larabawa suna da manyan kasuwanni uku masu ci sau ɗaya a shekara, suna bin juna kafin aikin hajji. Ta farko ita ce Ukaz, kusa da Ɗa'ifa, wadda ake buɗewa a farkon watan Zulƙida a yi kwana ashirin ana ci. Daga nan sai a koma Majanna a ƙarasa watan, sa'an nan a sauka Zul Majaz, kusa da Arfa, a yi kwanakin farko na Zulhajji. Hikimar zaɓen wannan lokaci ita ce watanni ne masu alfarma da ba a yaƙi a cikinsu, saboda haka falke yana iya ratsa ƙasar kabilar da ba tasa ba.

Duk da haka ba a zuwa Ukaz da ka. Masana tarihi sun ruwaito cewa Nu'umanu ɗan Munzir, sarkin Hira a ƙasar Iraƙi, yakan aiko da ayarin kaya kowace shekara, amma ba ya sakin ayarin sai ya sami wani babba daga cikin Larabawa wanda zai ɗauki alhakin tsaronsa a hanya. Gardama a kan wanda zai ɗauki wannan alhaki ita ce ta jawo kisan da ya tayar da yaƙin Fijar. Watau tun a lokacin an gane cewa mai kaya, ko da sarki ne, yana bukatar wanda zai tsaya masa a ƙasar da ba a san shi ba. Bayan zuwan Musulunci wasu Sahabbai sun ji tsoron kada ciniki a lokacin hajji ya zama laifi, sai aya ta 198 ta Suratul Baƙara ta sauka ta halatta shi. Da haka taron hajji ya ci gaba da zama ibada da kuma babbar kasuwa.

Jidda ta shigo cikin labarin ne a shekara ta 26 bayan Hijira, watau wajen 647, sa'ad da Halifa Usman ɗan Affan ya mai da ita tashar jiragen ruwan Makka a maimakon Shu'aiba. Yanayin teku ma ya taimake ta. Daga Jidda zuwa arewa iska tana kaɗowa ne daga arewa kusan duk shekara, ga kuma duwatsun murjani a ƙarƙashin ruwa. Don haka manyan jiragen Indiya masu tafiya da iska ba su cika wuce ta ba. A nan suke sauke kaya, ƙananan jirage su kwasa zuwa Masar. Wajen shekarar 1425 Sarkin Masar Barsbay ya ga irin dukiyar da ke bi ta wurin, sai ya aiko da ma'aikatansa suka karɓe kwastan na garin, ana karɓar ushiri daga kayan yaji da tufafin da ke shigowa.

Saboda haka ɗan kasuwar Jidda yana da lokuta biyu da dole ya lura da su, kuma ba lissafi ɗaya suke bi ba. Zuwan jiragen Indiya yana bin iskar damina ta Tekun Indiya, wadda ke tafiya da lissafin rana. Aikin hajji kuwa yana bin lissafin wata, yana matsowa da kamar kwana 11 kowace shekara. Wata shekara lokutan biyu su zo kusa da juna, wata shekara a sami tazarar watanni. Wanda bai iya wannan lissafi ba zai tara kaya babu masu saye, ko masu saye su zo babu kaya.

Wani matafiyi ɗan ƙasar Suwizalan mai suna Burckhardt ya sauka Jidda a watan Yuli na 1814, ya kuma rubuta yadda ya tarar ana yi. A bayaninsa, jiragen Kalkata da Surat da Bombai suna isowa ne a farkon watan Mayu, kuma kafin su iso attajiran garin sun riga sun tattara duk tsabar kuɗin da za su iya samu, har daga Alƙahira ake aiko da wasu, domin a sari kaya da zarar jiragen sun tsaya. Makonni kaɗan ake yi ana wannan hada-hada. Da jiragen sun juya sai farashi ya tashi, wanda ya shirya ya ci riba, wanda ya makara ya sayi kaya da tsada daga hannun maƙwabcinsa.

Baƙon da ya zo da haja kuwa yana dogara ne ga mutum biyu. Na farko shi ne wakili, wanda zai tarye shi a tasha, ya fitar masa da kaya daga kwastan, ya ba shi masauki da wurin ajiya. Na biyu shi ne dillali, wanda ya san mai bukatar abin da kuma farashin ranar. Wannan tsari ba baƙo ba ne ga Bahaushe. Fataken goro da ke zuwa Gwanja suna da madugu mai shirya ayari da sasantawa da sarakunan hanya, suna kuma da fatoma a kowane zango, mai saukar baƙo, mai ajiye masa kaya, mai tsaya masa in an ba da bashi. Da wannan sani ne Hausawa suka riƙa bin hanyar gabas, ta Barno da Wadai da Darfur har Sawakin, su ƙetare teku zuwa Jidda. Tafiyar takan ci shekaru, kuma guzurin da yawansu haja ce da sana'a: baƙin Kura, jan fata, takalma, suna sayarwa suna ƙara gaba. A Hijaz suka tarar da 'yan'uwansu da ake kira Takari, waɗanda suka zama musu masu masauki da tafinta.

Ƙarni na 19 ya sauya al'amura. Jiragen ruwa masu tafiya da tururi ba su jiran iska, kuma bayan buɗe mashigin Suez a 1869 kayan Indiya suka riƙa wucewa Turai kai tsaye ba tare da sun sauka Jidda ba. A Turai ɗin kuma ita kanta kasuwar shekara ta sake kama. Babban baje kolin birnin Landan na 1851 ya tara mutane wajen miliyan 6, akasarinsu kallo suka zo ba saye ba. A 1895 birnin Leipzig na ƙasar Jamus ya fito da kasuwar samfuri, inda mai masana'anta ba ya kawo dukan kayansa, sai ɗan abin nuni, mai saye ya duba ya ba da oda, a aiko masa daga baya. Daga nan aikin mai baje koli ya tashi daga sayar da abin da ke gabansa ya koma yin alkawarin abin da zai kawo. Alkawari kuwa yana bukatar shiri fiye da ciniki hannu da hannu.

A Jidda aikin wakilan dā ya soma komawa hannun hukumomi. A 1946 aka kafa Majalisar 'Yan Kasuwa da Masu Masana'antu ta Jidda, wadda ita ce ta fari a ƙasar Saudiyya, a shekarar da ta biyo baya kuma aka rushe ganuwar garin domin ya sami wurin faɗaɗa. Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi da aka kafa a 1969 ta yi hedkwatarta a nan, Bankin Raya Ƙasashen Musulmi ma ya soma aiki a nan a 1975. Ƙungiyar ta riƙa shirya baje kolin ƙasashenta tun daga wanda aka yi a Istanbul a 1979. A wannan zamani ne jirgin sama ya mai da tafiyar shekaru ta zama ta sa'o'i kaɗan daga Kano. A 1977 alhazan Nijeriya sun haura 100,000, da yawa cikinsu da ɗan abin sayarwa a jaka. A shekarar ce aka buɗe kasuwar baje koli ta duniya a Ikko, ta Kaduna ta biyo baya a 1979, inda 'yan kasuwar Arewa da dama suka fara sanin yadda ake kama rumfa da yadda ake tarbar baƙon mai saye.

Abubuwan da masu shirya baje koli ke nema daga mai rumfa a yau duk suna da tushe a wannan tarihi. Na ɗaya lokaci: ana kama rumfa ne watanni kafin ranar, a aika da kaya da wuri, a lura da azumi da hajji, da kuma cewa tun 2013 hutun mako a Saudiyya Juma'a ne da Asabar. Na biyu takardu: shaidar asalin kaya, da bayanin abin da ke cikin kowane kwali da harshen Larabci, da amincewar hukumar abinci da magunguna ta ƙasar in kayan ci ne. Alhazai sun san wannan ta hanyar goro, wanda hukumomin aikin hajji suka sha gargaɗin kada a tafi da shi. Abin da ke halal a kasuwar Kurmi yana iya tsayawa a kwastan na Jidda. Na uku sanin abin da za a iya cikawa: mai zoɓorodon da aka tambaye shi tan nawa zai kawo kowane wata, da wane farashi in ya iso tasha, ya kamata ya zo da amsar a rubuce. Na huɗu shi ne mutumin gari, mai jin harshen, wanda zai haɗa ganawa da masu saye tun kafin a buɗe ƙofa, ya kuma bi sawun maganar bayan an tashi.

Har ila yau Jidda ba ta rabu da tsohuwar sana'arta ba. A watan Janairu na 2023 an yi baje kolin hidimomin aikin hajji a babban zauren Superdome, inda kamfanonin masauki da sufuri da abinci suka nuna abin da suke da shi ga wakilan ƙasashe, watanni biyar kafin alhazai su iso. Tsohon garin kuma, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2014, yana nan da gidajen attajiransa na dutsen murjani, waɗanda ƙasansu ɗakunan ajiya ne da wurin tarbar baƙi. Masu gidajen nan ba a ranar da jirgi ya tsaya suka tara dukiyarsu ba, a watannin da suka gabace ta ne. Hausawa suka ce ba a fafe gora ranar tafiya.