Rifamfisin da Makonnin da Ke Biyo Bayan Ƙwayar Ƙarshe: Nazari don Manyan Ma'aikatan Jinya Masu Rubuta Magani

Tsakure

Maƙalar ta duba yadda rifamfisin ke rage ƙarfin magungunan da ake sha tare da shi. Hujjarta ita ce tasirin nan yana da lokacin shiga da lokacin fita, kuma lokacin fitar ne aka fi sakaci da shi.

Gabatarwa

A 1965 Loretta Ford da Henry Silver suka buɗe shirin farko na horar da ma'aikatan jinya masu duba majinyaci da kansu a Jami'ar Colorado ta Amurka. Ingila ta ba irin waɗannan ma'aikata izinin rubuta kusan kowane magani mai rajista a 2006. Najeriya kuwa ta fitar da tsarin raba ayyuka tsakanin ma'aikatan lafiya a 2014, wanda ya ɗora wa nas-nas da ungozomomi ayyukan da a da likita kaɗai ke yi. Wanda aka miƙa wa alƙalami dole ya san abin da hanta ke yi da abin da ya rubuta.

Yadda tasirin ke faruwa

Mai tarin fuka yakan sha rifamfisin tsawon wata 6. Maganin yana kama wani makarɓi a ƙwayoyin hanta da hanji mai suna PXR, shi kuma ya sa jiki ya ƙara ƙera sinadaran da ke narkar da magani, musamman CYP3A4, CYP2C9 da UGT1A1. Ƙera su na ɗaukar lokaci, don haka tasirin ba ya cika sai bayan mako ɗaya zuwa biyu. Idan an daina shan maganin, sinadaran da aka riga aka ƙera ba sa ɓacewa dare ɗaya. Sai kusan mako biyu hanta ke komawa yadda take. Jan fitsarin da rifamfisin ke sawa yana gushewa tun kafin nan, kuma a nan ake yaudaruwa: majinyaci ya ga fitsarinsa ya washe, sai ya ɗauka tasirin maganin ya bar jikinsa kwata-kwata.

Inda aka fi tuntuɓe

Mai ɗauke da cutar ƙanjamau da ke shan dolutegirabir ana ninka masa: miligiram 50 sau biyu a rana maimakon sau ɗaya, kuma a ci gaba da hakan har mako biyu bayan ƙwayar rifamfisin ta ƙarshe. Wanda ya janye ƙarin ranar da aka sallami majinyaci daga asibitin tarin fuka ya bar ƙwayar cutar da magani mai rauni, wanda ke iya jawo bijirewa.

Wafarin, maganin tsinka jini, ya fi ban tsoro, don haɗarinsa ta ɗaya ɓangaren yake zuwa. Lokacin shan rifamfisin sau da yawa sai an ninka adadinsa kafin jini ya tsinke yadda ake so. Da hanta ta lafa, adadin nan ya zama guba, jini ya ɓalle a ciki ko a ƙwaƙwalwa. Gwajin INR ya kamata ya yawaita a makonnin nan, ana rage magani a hankali.

A tazarar haihuwa, ƙwaya da ashanar hannu duk suna rauni; allurar wata uku da robar mahaifa ba su shafu ba. Ƙa'idar Ingila ta ce a ƙara kariya har kwana 28 bayan dainawa. Akwai kuma zazzaɓin cizon sauro, wanda ba ya jiran kowa ya gama maganin tari: binciken da aka wallafa a 2013 kan majinyata a Uganda ya nuna rifamfisin ya rage magungunan zazzaɓin a jini: atemeta da kashi 89 cikin 100, lumefantirin da kashi 68.

Tattaunawa

A ganin marubucin, matsalar ta fi ta ilimin magani kaɗai. Katin tarin fuka yana rufewa ranar da aka gama, alhali sashen ƙanjamau da na tazarar haihuwa kowa da nasa kati, da wuya wani ya leƙa na wani. Nas ɗin da ke ganin majinyaci wata-wata ita ta fi dacewa ta rubuta ranaku biyu a kowane kati: ranar ƙwayar ƙarshe, da ranar da za a sake duba adadin sauran magunguna.