Harsashin Igwa da Lissafin Gudu a Tarihin Kimiyya

Tun da igwa ta shiga yaƙe-yaƙen Turai wata tambaya ta dami sarakuna da mayaƙansu: in an harba harsashi, wace hanya yake bi, kuma da wane gudu yake faɗa wa ganuwa? Kuskure a nan yana jawo asarar albarushi, wani lokaci har da asarar gari.

Mabiyan Aristotal sun ɗauka cewa motsi iri biyu ne, na tilas da na ɗabi'a, kuma ba sa gamuwa. Saboda haka akan zana harsashi yana tafiya sak har ƙarfinsa ya ƙare, sa'an nan ya faɗo. A shekarar 1537 Tartagiliya, masanin lissafi na Italiya, ya ce igwa ta fi cin nisa in an ɗaga bakinta digiri 45, amma bai kawo cikakkiyar hujja ba.

Galileo ne ya warware matsalar a littafinsa da aka buga a birnin Laidin na Holan a 1638, alhali yana tsare a gidansa. Ya nuna cewa harsashi tafiya biyu yake yi a lokaci guda, kuma babu ruwan ɗaya da ɗaya. Ta gaba gudunta ba ya sakewa. Ta ƙasa kuwa ƙaruwa take yi, nisan faɗuwa yana bin 1, 3, 5, 7.

Ga misali. A ce daga kan dutse an harba harsashi a miƙe, yana cin mita 40 a sakan. Mun sani yau cewa faɗuwa tana ƙara gudun wajen mita 10 kowane sakan, don haka bayan sakan uku gudunsa na ƙasa ya kai 30. Wanda ya tara ya ce 70 ya yi kuskure, domin gaba da ƙasa ba fuska ɗaya ba ce. Sai a ninka kowane da kansa, 1,600 da 900, jimla 2,500. Lambar da in an ninka ta da kanta take ba da haka ita ce 50, gudunsa ke nan.

Galileo da kansa ya yarda cewa iska tana ɓata wannan lissafi a fagen fama. Duk da haka dabararsa ta raba motsi gida biyu ta ɗore. A kanta Niyuton ya ɗora aikinsa na 1687, kuma da ita matuƙin jirgin sama yake lissafin iskar da ke buge shi ta gefe.