Yadda Nutso ya Tashi daga Sana'ar Wuya ya Zama Yawon Shaƙatawa a Bahar Maliya

A garuruwan da ke gaɓar Bahar Maliya, musamman Hurgada da Sharm al-Shaikh da Dahab a ƙasar Masar, akwai wata al'ada da ta kafu cikin shekaru arba'in da suka shige, wadda ake kira nutson gwaji. Baƙon da bai taɓa shiga ƙarƙashin teku ba yakan hau jirgin ruwa da safe, a yi masa taƙaitaccen bayani, a goya masa tukunyar iska, sannan malamin nutso ya sauka tare da shi zuwa zurfin da bai wuce mita 12 ba. Kayan da ake goya masa su ne ake kira sukuba, wato na'urar numfashi wadda mai nutso yake ɗauke da ita a jikinsa ba tare da wani tiyo ya haɗa shi da saman ruwa ba. Sauƙin abin yakan sa a ɗauke shi wasan masu hutu, alhali kusan kowace ƙa'ida da ake karanta wa baƙon a kan jirgi an samo ta ne daga wahalar ma'aikatan da suka nutsa domin neman abinci, waɗanda da yawansu suka rasa ji ko ƙafafu ko rai tun kafin a gane abin da ke cutar da su.

Tsohuwar hanyar nutso ita ce riƙe numfashi, kuma a wannan yanki na duniya lu'ulu'u ne ya raya ta. A Tekun Fasha, inda Baharain da Kuwait da Katar suka dogara da wannan sana'a kafin zuwan man fetur, babbar kakar nutso takan kama daga wajen watan Yuni zuwa Satumba, jirage kuma sukan yi watanni a kan ruwa ƙarƙashin shugaban jirgi da ake kira nakhoda. Mai nutso yakan matse hancinsa da wani ɗan maƙali, ya taka dutse mai igiya domin ya ja shi ƙasa da sauri, ya tsinci kawa, wato dabbar ruwa mai ɓawo biyu da lu'ulu'u ke tsira a cikinta, ya zuba a kwandon da ke rataye a wuyansa, sannan ya girgiza igiya abokin aikinsa da ke kan jirgi ya jawo shi sama, a yi ta maimaita haka daga fitowar rana zuwa faɗuwarta. An yi irin wannan aiki a Bahar Maliya ma, a tsibiran Dahlak da Farasan da kuma gaɓar Sudan. Yawancin masu nutson suna cikin bashin nakhoda ne, bashin da yakan gangaro daga uba zuwa ɗa, kuma fashewar dodon kunne da ciwon ido abubuwa ne da aka ɗauka wani ɓangare na aikin. Sana'ar ta durƙushe a shekarun 1930, lokacin da lu'ulu'un kiwo na Japan, wanda Mikimoto Kokichi ya buɗe hanyarsa tun 1893, ya cika kasuwa a daidai lokacin da tattalin arzikin duniya ya karye, sai kuma aka haƙo mai a Baharain a 1932 hannaye suka koma can.

Matsalar da ta fi girma ta zo ne da aka fara kai wa mutum iska a ƙarƙashin ruwa. Tun 1662 Robert Boyle ya nuna cewa iska tana tsukewa gwargwadon matsin da aka yi mata, tana kuma kumbura idan matsin ya ragu, a teku kuwa kowane mita goma na zurfi yana ƙara matsi daidai da na dukan iskar da ke kan doron ƙasa. A shekarun 1830 'yan'uwa biyu, Charles da John Deane, tare da Augustus Siebe a Landan, suka samar da kwalkwalin tagulla da ake ɗaurawa a kan rigar da ruwa ba ya ratsawa, ana tura iska cikinsa da famfo daga kan jirgi, kuma sojojin Ingila sun yi aiki da shi a kan tarkacen jirgin Royal George daga 1839. Da wannan kaya ya isa tsibiran Kalimnos da Simi na Girka a shekarun 1860, masu tsinkar soson teku suka samu damar yin zurfi da daɗewa fiye da yadda kakanninsu suka taɓa yi, attajiran soso suka yi arziki, ƙauyuka kuma suka cika da zawarawa da maza shanyayyu, domin babu wanda ya san cewa saurin fitowa ne yake kashe su. Ko a aikin kwashe kayan tarihi daga tsohon jirgin da masu nutson Simi suka gano kusa da tsibirin Antikitera a 1900, mutum ɗaya ya mutu, biyu suka shanye.

Wannan cuta ce ta kama masu haƙa harsashin gadoji a ɗakunan da ake cika da matsattsiyar iska a ƙarƙashin kogi, har ta naƙasa Washington Roebling, babban injiniyan gadar Brooklyn a Amurka, a 1872. Bafaranshe Paul Bert ne ya bayyana dalilinta a 1878: iskar naitirojin, wadda ita ce kusan kashi huɗu cikin biyar na iskar da ake shaƙa, tana narkewa cikin jini da tsoka idan matsi ya yi yawa, idan kuma aka rage matsin farat ɗaya sai ta fito da kumfa, kamar yadda kwalbar lemo take yi idan aka fasa murfinta da gaggawa, kumfar ta maƙale a gaɓoɓi ko laka ko ƙwaƙwalwa. Bert ya kuma nuna cewa zallar iskar oksijin guba ce a ƙarƙashin matsi, abin da ya sa tukunyar mai nutson shaƙatawa take ɗauke da iska irin wadda kowa yake shaƙa, saɓanin abin da yawancin baƙi suke zato. A 1908 John Scott Haldane, bayan gwaje-gwajen da ya yi da awaki, ya wallafa jadawalin da ya shirya wa rundunar ruwan Ingila, wanda ya ƙayyade tsawon lokacin da za a yi a kowane zurfi da kuma matakan da za a tsaya a hanyar fitowa. 'Yar kwamfutar da masu nutso suke ɗaurawa a hannu a yau jikar wannan jadawali ce.

Sauran aikin shi ne raba mai nutso da tiyo. An yi yunƙuri da dama, daga na'urar Rouquayrol da Denayrouze ta shekarun 1860 zuwa ta Yves Le Prieur ta 1926, wadda take zubar da iska ba tsayawa har tukunya ta ƙare cikin ɗan lokaci. Maganin ya fito ne daga ƙarancin fetur a Faransa lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, inda Émile Gagnan, injiniya a kamfanin Air Liquide, ya ƙera wani ƙaramin bawul domin motoci su yi aiki da gas. Shi da Jacques-Yves Cousteau, hafsan sojan ruwa, suka mayar da bawul ɗin madaidaicin iska, wato na'urar da take rage matsin iskar tukunya ya zo daidai da matsin ruwan da ke kewaye, ba ta kuma sakin iskar sai an ja numfashi. Sun gwada ta a kogin Marne a farkon 1943, sannan a Bahar Rum a bazarar shekarar, aka fara sayar da ita a 1946, daga baya ta shahara da sunan Aqua-Lung. Iyakarta ba ta daɗe ba ta bayyana, domin a 1947 Maurice Fargues, ɗaya daga cikin abokan aikin Cousteau, ya rasu a zurfin mita 120, inda naitirojin yake gusar da hankali kamar maye.

Bahar Maliya ta shiga wannan tarihi ta ƙofar Bur Sudan, tashar da Turawan Ingila suka fara ginawa a 1905 domin ta maye gurbin Sawakin, wato gaɓar da alhazan ƙasar Hausa masu bin hanyar ƙasa suka daɗe suna tsallakawa Jidda daga cikinta, wasunsu kuma suka zauna har zuriyarsu ta zama 'yan gari. A bakin wannan tasha ne matuƙin jirgin Italiya mai suna Umbria ya nutsar da jirginsa da gangan a watan Yunin 1940, cike da bama-bamai, domin kada ya faɗa hannun Ingila. Hans Hass ɗan ƙasar Ostiriya ya iso garin a 1949, ya nutsa a kan jirgin da kuma duwatsun murjani, wato tsaunukan ƙarƙashin ruwa da wasu ƙananan halittu suke ginawa da ƙasusuwansu a tsawon ƙarnuka, kuma fim ɗin da ya ɗauka a can ya ci kyauta a bikin finafinan Benis a 1951. Cousteau ya biyo baya da jirginsa Calypso, fim ɗinsa na 1956, wanda aka ɗauki wani sashensa a wannan teku, ya ci babbar kyautar bikin Cannes, duk da cewa mai kallonsa a yau zai ga ma'aikatan jirgin suna fasa murjani da nakiya suna kashe kifayen shak, abin da yake nuna yadda tunanin kare teku bai kankama ba ko a wajen masu son tekun. A 1963 ya kafa wani ɗan ƙauye a ƙarƙashin ruwa a Sha'ab Rumi, arewa da Bur Sudan, inda mutane suka zauna wata guda a zurfin mita goma. Waɗannan finafinai, fiye da kowace talla, su ne suka sa ma'aikacin ofis a Turai ya fara sha'awar ganin abin da idonsa.

A farkon shekarun 1950 kowa yana iya sayen tukunya a kanti ya shiga ruwa ba tare da an koya masa komai ba, kuma mace-macen da suka biyo baya ne suka haifar da ƙungiyoyin horarwa. An kafa BSAC a Ingila a 1953, ƙaramar hukumar Los Angeles ta fara ba malamai takardar shaida jim kaɗan bayan haka, aka kafa CMAS a Monako a 1959 da Cousteau a matsayin shugabanta na farko, NAUI ta biyo a 1960, sannan John Cronin da Ralph Erickson suka kafa PADI a jihar Illinois a 1966. Horon farko ya gaji salon soja, ana yin makonni ana gwada juriyar ɗalibi, amma PADI ta rarraba karatun mataki mataki yadda mai hutun mako guda zai iya samun takardar farko, wadda take ba shi izinin zuwa mita 18. Tsofaffin hannu sun daɗe suna sukar wannan sassauci, kuma sukar ba ta rasa makama ba, sai dai ingantuwar kaya ta rage wa ɗalibi nauyi ƙwarai, musamman rigar roba mai riƙe ɗumi da Hugh Bradner ya ƙirƙiro a 1952, da ma'aunin da ke nuna sauran iska, da falmaran da ake hura wa iska domin mutum ya tsaya a tsakiyar ruwa ba tare da ya nitse ko ya taso ba.

Masar ce ta ci moriyar wannan sauyi. Bayan Isra'ila ta mayar da yankin Sinai a 1982, gwamnati ta ayyana Ras Muhammad a matsayin wurin da aka keɓe domin kare halittu a 1983, jiragen sama masu araha suka fara sauke baƙi daga Jamus da Italiya da Ingila, daga baya kuma Rasha, har Hurgada ta tashi daga ƙauyen masunta ta zama birnin otal-otal. Murjani ya ɗanɗana kuɗarsa, domin ƙugiyar da jirage suke jefawa don su tsaya tana karya abin da ya yi shekaru ɗaruruwa yana girma, ƙafafun sababbin shiga kuma suna ƙarasa sauran, wannan ne ya sa masu wuraren nutso suka kafa ƙungiyar HEPCA a 1992, wadda ta dasa madaurin jirage na dindindin a wuraren da ake yawan zuwa. Sudan, inda abin ya fara, ta tsaya da 'yan jirage kaɗan masu ɗaukar ƙwararru, ko da yake UNESCO ta sanya Sanganeb da Dungonab cikin wuraren gado na duniya a 2016, kuma yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilun 2023 ya ƙara nesanta baƙi da ita.

Nutson gwaji shi ne matakin ƙarshe na wannan sassauci, kuma yana da ma'auninsa na ƙasa da ƙasa mai lamba ISO 11121. Baƙo yakan cike takardar tambayoyin lafiya da ta shafi zuciya da huhu da kunne, ya koyi fitar da ruwa daga gilashin fuska da mayar da madaidaicin iska baki idan ya suɓuce a wuri marar zurfi, ya koyi toshe hanci yana hurawa a hankali domin matsin kunne ya daidaita, ya kuma haddace alamun hannu, ciki har da wadda take ruɗar kowa, wato ɗaga babban yatsa, wanda a ƙarƙashin ruwa yake nufin a hau sama. Iyakar mita 12 da gajartar lokacin sun isa su hana naitirojin taruwa sosai, amma ba su kawar da haɗarin da Boyle ya bayyana ba, hasali ma a kusa da saman ruwa ya fi tsanani, domin iskar da aka shaƙa a zurfin mita goma tana ninka girmanta kafin a kai sama, kuma wanda ya firgita ya riƙe numfashi ya yunƙura zai iya yaga huhunsa ko daga zurfin mita biyu. Mai nutson lu'ulu'u bai san wannan haɗari ba, saboda iskar da ya sauka da ita ita ce yake dawowa da ita, shi ya sa dabarar riƙe numfashi da ta rayar da shi ta zama abu na farko da ake hana mai sukuba, shi ya sa kuma malami ba ya yin nesa da ɗalibinsa fiye da inda hannu zai kai. Akwai ƙa'ida guda da take bin baƙo har bayan ya bar teku, wato kada ya hau jirgin sama sai bayan aƙalla awa 12 da nutso guda, ko awa 18 idan ya maimaita, domin matsin iska a cikin jirgi bai kai na ƙasa ba, kuma saboda haka ne wuraren nutso na Hurgada da Sharm al-Shaikh suke tambayar ranar tashin baƙo kafin su rubuta sunansa.