Kan Gida da Zanen Bango a Ƙasar Konni da Adar

Kan gida shi ne iskan da zuriyar Arna (Azna) ke gado daga kakanni, ana yi masa yanka a wani keɓaɓɓen wuri domin neman lafiya, haihuwa da albarkar damina. Zanen bango kuwa ado ne da magina ke fitarwa a jikin ginin ƙasa. A tsohuwar daular Rum waɗannan abubuwa biyu bango ɗaya suka haɗa. A birnin Pompei, wanda aman dutsen Besubiyus ya binne a shekara ta 79, an tono wani gidan abinci da ake dangantawa da Vetutius Placidus. A ƙarshen kantarsa akwai wurin bauta da aka zana da launi: gumakan gida, gunkin kasuwanci, gunkin giya, da macizai biyu a ƙasansu. Matafiyi na cin abinci yana kallonsu.

A ƙasar Hausa ba haka abin ya tafi ba. Wurin tsafin Arna ba ya buƙatar hoto: dutse ne, ko tukunya, ko gindin tsamiya, kuma kowane iska da launin dabbar da yake karɓa. Baƙo ba ya ganin wurin. Bafatake da ya sauka a zango ko a zauren fatoma iyakarsa zaure, domin cikin gida na iyali ne. Jihadin 1804 ya ƙara tura al'adar tsafin Arna gefe, amma ba ta mutu ba. A Masalata, kusa da Birnin Konni, Arna sun ci gaba da bikin buɗin daji da duban abin da shekara za ta zo da shi.

Ado sai ya koma inda ido ke kaiwa, wato fuskar gida da ƙofar zaure. Magini kan fitar da dagi da sauran zane tun yaɓe yana ɗanye, a shafe da makuba don ruwa, a ɗora zanko a saman soro. A Zariya, inda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina masallacin Juma'a a ƙarni na 19, maginan ƙarni na 20 har keke da agogo sun riƙa zanawa a gidajen attajirai. A cikin ɗaki kuma aikin mata ne: jeren ƙwarya, daga baya tasa da kwano.

Tsohon ginin Konni ya ga ta'asa, domin a 1899 rundunar Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine ta ƙone garin. Daga baya siminti ya shigo, ga masana'antarsa a Malbaza tun shekarun 1960. A Tsarnawa, inda hanyar Tawa ta rabu da babbar hanyar Yamai zuwa Damagaram, bulo da kwano da fentin talla ne suka fi yawa a bakin titi. Duk da haka hannun magina bai mutu ba. Falke Barmu ya fara gina masallacin Yama da ƙasa a 1962, kuma ginin ya sami lambar yabo ta Aga Khan a 1986. Toka ce ta adana bangon Pompei. Bangon ƙasa kuwa sai an yaɓe shi a kai a kai. Duk wanda ke da tsohon zaure mai zane, ya ɗauki hotonsa, ya kuma tambayi dattawa sunan maginin.